Iliya, tiramol, da saniyar da ba ta ɓace ba

Da sunan Allah da ke saukar da ciwo, kuma yake ɗauke shi lokacin da ya so.

Tun da aka ga ƙanena Iliya ya murmure, kumatunsa suka dawo, matan Dakoro ba su bar ni na huta ba. A bakin famfo, a gidan suna, har a ƙofar lakwal ɗin da nake koyarwa, sai wata ta ja ni gefe ta rage murya ta ce, "Madam Rakiya, don Allah wane malami ya yi muku aiki?" In na ce ba malami ba ne, sai ta ce to wane magani. In na ce gudu, sai ta dube ni kamar na yi mata rowa. Na gaji da bayani a tsaye, shi ya sa na zauna na rubuta. Iliya ya ba ni izini, da sharaɗin in rubuta har da nawa laifin, kada in wanke kaina. Ban wanke ba.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna. Ni ce ta fari, shi ne auta, kuma na goye shi har bayana ya san nauyinsa. Da babanmu ya rasu, ƙanensa Baba Sale ya riƙe gidan. Baba Sale dillalin shanu ne a kara, mutum mai magana ɗaya, wanda in ya ce a'a ko saniya ta san an gama ciniki. Shi ya sa Iliya aikin kora. In fatake suka sayi shanu a kasuwannin daji, wajen Rumbu da arewa da can, 'yan kora ne ke biyo su da ƙafa har Dakoro, kwana biyu ko uku a hanya. A wannan aikin wani babba cikinsu ya ɓalla masa rabin ƙwayar tiramol, ya ce maganin gajiya ne. Yana da shekara ashirin da uku a lokacin.

Shekara huɗu yana sha, ni kuma ina gani ban gane ba. Ya daina cin tuwo, sai shayi mai sukari kamar zuma. Yana yawan sosa hanci da wuya. In an yi masa magana kaɗan ya hau mutum da faɗa, shi da a da ko akuya ba ya yi wa tsawa. Kowace alama na samo mata uzuri: zafin daji ne, ƙuruciya ce, ruwan rijiyoyin hanya ne. Ni da nake gane yaron da bai karya kumallo ba daga bakin ƙofar aji, na kasa karanta fuskar ƙanena. Wannan har yau yana yi mini ciwo.

Ƙarshen bazara, ranar kasuwa, ya faɗi a tsakiyar kara. Jikinsa ya sanƙare, yana fizge-fizge, kumfa na fita, ya ciji harshensa. Mutane suka dare suka bar shi, don an ce yawun mai farfaɗiya na kama wanda ya taɓa. Wani bafulatani da ba mu san shi ba ne ya kore shanun da za su taka shi, ya juya shi ta gefe, ya riƙe kansa har ya lafa. Ban taɓa ganin mutumin ba, ban san sunansa ba, amma ba na sallah ban sa shi a addu'a ba. A amalanke aka kawo Iliya asibiti.

Makon farko a asibiti muka yi shi. Kafin a duba shi sai da na bi layin tike, na bi layin awo, na koma layin farko saboda an ce takardar da aka ba ni ba ita ba ce. Wata ma'aikaciya ta leƙo, ta ga idonsa, ta ce da ƙarfi yadda kowa a barandar zai ji, "Wani ɗan ƙwaya ne kuma." Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Na so in tanka mata, na haɗiye, saboda allurar na hannunta. Amma a asibitin nan dai akwai tsohuwa mai shara da ta riƙa kawo mana ruwan sanyi daga randarta, ba ta taɓa tambayarmu ciwon me ba.

Likitan matashi ne, ba mai yawan magana ba. Da Iliya ya farfaɗo aka sa masa ƙarin ruwa, likita ya ja kujera ya zauna ya ce, "Guda nawa kake sha a yini?"

"Biyu," in ji Iliya.

Likita bai rubuta ba. Ya riƙe biro yana jira. Can Iliya ya juya fuska bango ya ce kati guda, wato ƙwaya goma, wani lokaci har ya ɗora. A nan na fara jin gaskiya, na zauna a ƙasa.

Kalma ɗaya ta likitan ta zauna mini a kai. Ya ce abin da zai biyo baya sunansa manki, wato jiki zai tashi neman abin da aka saba masa. Ya ce ba za a yanke masa farat ɗaya ba, za a riƙa ragewa da ƙa'ida, da wani magani a gefe saboda faɗuwar. Ya ƙara da cewa, "Ƙafafunsa za su hana shi zama. Ku yi haƙuri da shi, kuma kada ku kulle shi." Na ce to da bakina, har da gyaɗa kai.

Mako na biyu na ɗauke shi zuwa gidana, don hutun lakwal ya zo, kuma Inna ba ta da ƙarfin jinya. A nan na ga manki da idona. Amai, zawo, hamma ba ƙarewa, hawaye na zuba ba kuka yake ba. Zufa ta jiƙe tabarma, shi kuma yana cewa a lulluɓe shi sanyi yake ji. Ƙafafun kuwa yadda likita ya faɗa: in ya kwanta sai su yi ta shure-shure, ya tashi ya zagaya tsakar gida, ya dawo ya kwanta, ya sake tashi. Maigidana, Allah ya saka masa, ya kwashe kayansa ya bar masa ɗakin zaure.

Dangi suka yi ta zuwa dubiya, kowa da asibitinsa a baki. Wata ta ce iska ce ya gamu da ita a gindin tsamiya, a yi hayaƙi. Wani ya ce nonon raƙumi da safe kwana bakwai. Wata gwaggonmu ta kawo saiwar da ba ta san sunanta ba, amma ta rantse ta warkar da jikan maƙwabciyarta. Rubutu kam mun sha, ni da shi, don wani lokaci ni na fi shi bukata. Sauran na karɓa da godiya, na jera su a bayan randa, suna nan har yanzu in akwai mai so. Tsakanin farmasi da abincin masu dubiya, tunkiyata da nake kiwo don layya ta tafi kara.

Mako na uku na ga ya ɗan samu sauƙi fiye da yadda ya kamata. Ya yi dariya, ya yi wanka, har ya tsokane ni wai miyata ba gishiri. Na yi murna kwana biyu, sannan zuciyata ta ƙi. Da ya shiga bayan gida na bincike ɗakin. A cikin zagayen fatar malfarsa ta kora na sami ƙwayoyin, an jera su ɗaya bayan ɗaya. Da ya fito na ɗaga hannu na mare shi, namiji ɗan shekara ashirin da bakwai. Bai kare fuska ba. Ya ce, "Ƙara, Yaya." Na zauna na yi kuka, shi ma ya zauna nesa kaɗan yana yi.

Mako na huɗu likitanmu ya ba mu takarda zuwa Maradi, wurin mai duba irin wannan ciwon. Mun shiga motar farko, mun yini a benci, sai bayan azahar aka kira mu. Maganar ba ta fi ta shan shayi ɗaya ba, amma ta yi amfani. Likitan ya gyara ƙa'idar maganin, ya yi wa Iliya magana kamar mutum, ba kamar abin da aka tsinto ba. Ni kuma ya ce mini, "A samo masa abin da zai gajiyar da jikinsa da rana." Na dawo na ɗora masa ɗiban ruwa da faskare. Mutumin da ya saba bin shanu kwana uku, kafin hantsi ya cika duk randunan gida har da na maƙwabta, ya tsaya yana kallona.

A mako na biyar ruwan shuka ya sauka. Washegari Iliya ya tafi masallaci sallar asuba bai dawo ba. Na aika kara, na aika tasha, na leƙa har rumfar masu shayi inda na san ana sayar da abin a ɓoye. Babu shi. Da hantsi sai ga amalanken jaki a ƙofar gidan Baba Sale, mutum biyar na biye, Iliya na zaune a kai an ɗaure masa hannu da rawani.

Abin da ya faru shi ne, da ya fito masallaci ƙafafun suka ƙi komawa gida. Ya kama hanyar Korahan yana tafiya, tafiya ta koma sassarfa, sassarfa ta koma gudu. Can cikin gonaki mata masu bin shuka suka ɗaga kai suka ga ƙato na sheƙa gudu, ba dabba a gabansa. A wannan zamani da kullum ake jin labarin ɓarayin shanu, wa zai tsaya tambaya? Suka watsar da ƙoren iri suka rufa masa baya suna salati. Mazan suka ga mata na gudu, suka biyo da sungumi. Da aka tare shi aka ce me ya biyo ka, ya ce babu. Me ka sata, ya ce babu. To gudun me kake yi? Ya ce haka nan. Sai wani dattijo ya ce a ɗaure shi a hankali, bawan Allah ne ba shi da lafiya.

Yau muna ba da labarin muna dariya har da riƙe ciki. Ran nan ba wanda ya yi dariya. Baba Sale ya sallami mutanen da godiya da kuɗin irin da ya zube, ya kira ni da Inna cikin zaure.

"Babba da shi," in ji Baba, "ba kare ya biyo shi ba, ba bisa ya biyo ba, shina gudu cikin daji. In ba taɓin hankali ba, mine ne wanga? Ƙwayar ta hau mishi kai."

Ya ce akwai wani malami a wani ƙauye kudu da mu, mai karɓar irin waɗannan, yana sa musu mari a ƙafa har su natsu. Ya riga ya yi magana da mai mota, ranar Alhamis za a tafi da shi. Kafin nan a kulle shi, kada ya sake fita ya tara mana jama'a. Inna ba ta iya musu da ƙanen mijinta. Ta dube ni ta ce, "Madam, ke kinka yi karatu, mi kika gani?" Haka take kirana, don ba ta faɗin sunan ɗiyar fari.

Ga laifin da aka ce in rubuta. Na ce Baba ya yi gaskiya. Ni da nake tsayawa da usur duk mako ina sa yara zagaya filin lakwal, ni ce na yarda gudu hauka ne. A kaina gudu na yara ne da sojoji da 'yan ƙwallo. Baligi mai gemu, ɗan kora, in ya yi gudu to akwai abin da ya tsinke, ko igiyar sa ko hankalinsa. Haka muka taso muka gani, karatuna bai cire mini shi ba. Da hannuna na sa kwaɗo a ɗakin zauren gidana, na ɗaure makullin a bakin zanena, maganar likita kuwa na ajiye ta gefe.

Bai buga ƙofa ba, bai zagi kowa ba. Sawunsa kawai nake ji, daga bango zuwa bango, yini guda. Abincin da na tura masa haka yake dawowa. Ran Talata da la'asar na kai masa kunu ta taga, ya riƙe ƙarfen tagar ya ce, "Yaya, tsaya ki ji."

Na tsaya.

"Ni ban haukace ba. Tun da munka baro asibiti, abin nan kirana yake, ko sallah nike ina jin shi. Ran da na yi gudun nan, da na wuce gonakin farko, sai na ji ya yi shiru. Shekara huɗu ban ji shirun nan ba."

"Iliya, mutane sun ce..."

"Na san mi sunka ce. Ni dai ga gaskiyata. Jiya na kira wani mai wucewa ta tagar ga, na roƙe shi ya sawo mini, Allah ya sa bai kula ni ba. In kinka bar ni nan, zan samu mai kula ni. In an kai ni wurin mari, ranar da anka kwance ni ita zan hwara nema. Ki bar ni in gudu, ki biyo ni ki gani."

Na koma ɗaki da kunun a hannu. Tsoro biyu ne suka kama ni: in buɗe ya ɓace cikin daji a ce ni na jawo, ko in bar shi jibi a sa wa ɗan Inna ƙarfe a ƙafa alhali da hankalinsa. Na gaya wa maigidana. Ya ce, "Moto na da mai."

Laraba bayan asuba na buɗe kwaɗon ban shawarci kowa ba. Iliya ya sa takalmansa na roba ya kama hanya, mu kuma muna binsa a moto, wato babur, daga nesa, ina riƙe da mayafi da haƙori. Ina kallonsa kamar yadda nake kallon yaro a allo. Ya wuce wani tsoho a kan jaki, ya rage gudu ya gaishe shi. Ya zo inda hanya ta yi kwana, ga gona a miƙe wadda in ya ratsa ta zai rage nisa, hatsi ya fara tsiro. Bai ratsa ba. Ya bi gefe ya zagaye, bai taka ko tsiro ɗaya ba. Da ya kai wani babban gawo ya taɓa shi da hannu ya juyo. Da ya iso inda muke, jiƙe sharkaf, ya ce, "Yaya, kin ga wata hauka?" Ya wuce mu ya nufi gida.

A gida ya yi wanka, ya shanye kwanon fura har yana kankare gindi, ya kwanta. Ƙafafun ba su motsa ba. Na zauna a bakin ƙofa ina kallon barcinsa har azahar, sauƙin da na ji a ƙirjina ban san yadda zan rubuta shi ba.

Da la'asar na je gidan Baba Sale na durƙusa. Ba a ce wa Baba ka yi kuskure, ban kuwa ce ba. Na ce na yi laifi na buɗe ɗaki, na ba shi labarin abin da na gani tiryan-tiryan. Da na zo kan gonar da Iliya ya zagaye, sai ya daina jan casbi.

"Bai taka shuka ba?"

"Ko ɗaya, Baba."

Sannan ya fito da abin da ke cinsa tun farko. Ya ce shi dillali ne, da amana yake ci. In aka ce akwai hauka a gidan, wa zai bar masa shanunsa, wa zai nemi 'ya'yansa mata? Ko yaron na da hankali, idon mutane ba zai gane ba. Na ce to Baba ya za a yi? Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da igiyar shanu da sanda, ya jefa a gabana.

"Kada ya sake hita hannu banza. Ya rataya wagga, ya riƙe sanda. Duk wanda ya gane shi zai ce bisa ta ɓace mishi, cigiya yake. Na ba shi kwana arba'in. In anka kama shi da ƙwaya ko guda, mai mota na nan."

Dabarar dillali ta fi ta malamar lakwal. Daga ran nan ba wanda ya sake tare Iliya. Mai gudu da igiya a kafaɗa mutum ne mai hankali da asara ta samu, kowa tausayinsa yake ji. Manoma na ɗaga hannu daga gona suna cewa Allah ya sa a gani. Iliya ba ya son ƙarya, don haka amin kawai yake cewa, ya wuce. Wasu har da taimako: an ga wata ja gabas da rijiya, an ga wata mai karyayyen ƙaho wajen Ajekoriya. Wata mata ta riƙa ajiye masa ruwa a gindin gawon nan. Damina guda mutanen hanyar Korahan suna taya mu neman saniyar da ba a taɓa haifa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan komai ya miƙe. Takalman roba sun sale masa ƙafa har sai da na samo masa baskit, takalman gudu, a gwanjo. Maganin likita bai fasa ba, zuwa Maradi bai fasa ba, layin ma bai ragu ba. A mako na tara wani abokin korarsa ya zo dubiya ya bar masa tsaraba a ƙarƙashin tabarma, ya kuwa sha. Da bakinsa ya gaya mini washegari. Na kai maganar wurin likita, ban kai ta wurin Baba ba. Likita ya ce faɗuwa ɗaya ba ta rushe abin da aka gina, a ci gaba. Baba ba ya karatun boko, amma na san akwai masu kai masa wannan shafin da zafinsa. Baba, a yi mini afuwa, kwana arba'in ɗin sun daɗe da wucewa.

Ga masu tambayata magani, abin da na sani ke nan. In naku ya daina cin abinci sai zaƙi, yana sosa jiki, ya koma mafaɗaci, kada ku tsaya nema masa uzuri kamar ni. In ya faɗi, ku juya shi ta gefe, yawunsa ba ya kama kowa. Ku fara da asibiti ko da za a gaya muku baƙar magana a baranda, ku haɗiye ku karɓi magani. Ba na cewa gudu zai yi wa kowa. Iliya ɗan kora ne, ƙafarsa ce ƙarfinsa, ta nan sauƙinsa ya zo. Amma in mai jinyarku ya ce ga abin da ke sa ya ji dama, ku bi shi ku gani da idonku kafin ku yanke masa hukunci.

Da kaka, ana cikin yankan hatsi, wata Asabar na je gaida Inna. Iliya ya koma gida a lokacin, ya dawo daga gudunsa ya yi wanka, suna zaune da Baba Sale a ƙofar zaure. Sai ga sallama. Inna ta ce in kai ruwa, na kai, na tsaya bayan ƙyaure don abin da na gani ya hana ni komawa. Wani tsoho ne, ƙafafunsa fari fat da tafiya, yana jaye da jar karsana.

Bayan gaisuwa tsohon ya ce daga wajen Korahan yake, tun asuba ya taso, a kara aka kwatanta masa gidan. Ya ce, "Wata ukku ina ganin yaron ga shina wucewa ta bakin gonata da igiya. Kullum in ce wagga wace irin saniya ce da ba a haƙura da ita. To ga wannan ta shigo mini wake kwana biyar, na yi cigiya ba mai ita. Na ce kahin in kai ta wurin maigari, bari in kawo ya duba, ko Allah ya sa wahalarshi ta ƙare."

Na ga Baba Sale ya gyara zama. Hanya mai sauƙi na nan a buɗe, ya kuwa kama ta. Ya ce, "Allah ya saka da alheri, malam. Ba ita ba ce, tamu..."

"Baba, ka yi mini izini," in ji Iliya.

Ya sauko daga benci ya durƙusa gaban tsohon. Ya ce, "Baba, ka yahe mini, na sa ka tahiya. Ba abin da ya ɓace mini. Ƙwaya nike sha, tiramol, shekara huɗu, har ta kada ni cikin kara. Gudun nan da kake gani shi ke taimakona in bar ta. Igiyar don kada a ce na haukace ne."

Ga mutum biyu masu wucewa sun tsaya sun ji komai. Baba Sale ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa. Ni kuwa ina jiran tsohon ya tashi ya ja karsanarsa cikin fushi, gobe labari ya cika kara.

Tsohon bai tashi ba. Ya ɗauki kwanon ruwan ya sha, ya ajiye, ya daɗe yana murza igiyar karsanar a hannu. Da ya yi magana muryarsa ta sauka ƙasa.

"Ka bar ta ke nan?"

"Yau wata biyu ko guda ban sha ba. Ina zuwa wurin lokotoro a asibiti kuma."

"Nawa ɗan," in ji tsohon, "magidanci ne, da ɗiya biyu. Shi ma ƙwayar ce. Tun hwarkon damina shina ɗaure a turke cikin gidana, ni na ɗaure shi da hannuna. Ban san mi zan yi ba." Ya share ido da bakin rawani. "Wane lokaci kake wucewa?"

Iliya ya buɗe baki, amma Baba Sale ya riga shi. Bai ɗago kai ba, ya ce, "Bayan asuba yake wucewa. Amma ka hwara kawo shi asibiti, Rakiya ta san layin, za ta raka ku."

Sannan ya ɗago ya dubi tsohon, ido cikin ido.

"In ka koma yau, malam, ka kwance shi."